Ƙyauren Zauren Na-Gulbi

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina ban yi shi ba. In na ɗauki biro sai in ajiye. Karatuna bai wuce firamare ba, ga ni kuma da tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba, ko da sunan ƙauye ne ko launin riga. Maiɗakina ta ce in dai sai na tabbatar da kowace kalma kafin in rubuta ta, to sai dai jikoki su yi rubutun. Abin da ya tayar da ni a ƙarshe samarin nan ne na tashar babura a Argungu. In suka ga na wuce da baƙi sai su ɗaga murya, "Baba Labbo ka huta! Yawo da surutu, a ce wai sana'a!" To ku matso ku ji. Zan gaya muku yadda sana'ar jagoran baƙi take, zan kuma ba ku labarin wani tsohon zaure na bakin gulbi wanda rabin aikina ya rataya a kansa, da yadda ya kusa fita hannunmu da rana tsaka.

Aikin farko da na yi riƙon lema ne. Maigidana, Baba Arzika, tsohon masunci ne. Da ƙarfinsa ya ja baya sai ya koma ɗaukar baƙi a kwale-kwale lokacin bikin kamun kifi, yana nuna musu gulbi. Ran nan ya ɗauko wasu mata daga kudu, ya ce in tsaya bayansu da lema. Tsayuwa a kwale-kwale da buɗaɗɗiyar lema, iska na kaɗawa, ba wasa ba ne. Ka karkata kaɗan, kowa ya sha ruwa. Muna cikin tafiya wani tsuntsu mai dogon wuya ya tashi daga cikin ciyawa, ɗaya daga cikin matan ta tambayi sunansa. Baba Arzika ya bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ya ce, "Ban sani ba."

Da muka sauke su na ce, "Baba, ba zalɓe ba ne?"

Ya ce, "Zalɓe na san shi tun ba a haihe ka ba, wanga ba shi na ba. Kai dai riƙe lemarka. Rad da kab ba baƙo sunan da ba ka da tabbas, ka zama mai tatsuniya, ba jagora ba."

Kafin bikin ya watse sai da ya tambayo sunan tsuntsun wurin wani tsohon maharbi, ya aike ni har masauki na gaya wa matar.

Na yi shekaru a ƙarƙashinsa. Shi ya koya mini cewa ba a shiga gari da baƙi sai an fara gaida mai gari, ba a ɗaukar hoton mace sai an tambaye ta, ba a bi da baƙo ta gaban masallaci ana salla yana ɗaga na'ura. Shi ya koya mini duban fuskar baƙo: wanda ya yi shiru ba lalle ne yana sauraro ba, wataƙila cikinsa ne ya juya, kuma wajibi ne ka san gidan da za ka shigar da shi ba tare da ka kunyata shi ba. Wannan ma ilmi ne, samari, kuma ba a koyonsa a bakin tasha.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne na san abin da rashinsa yake jawowa. Malafa biyu, ɗaya tawa ɗaya ta baƙon da ya taho da kai tsirara. Takalmin roba, don fadama ba ta san takalmin fata ba. Gorar ruwa. Lema. Goro a aljihu, saboda tsohon da ya san labari ba ya buɗe baki ga wanda ya zo hannu rabbana. Sai babur ɗina, wanda nake dubawa tun daga taya har birki kafin in fita, in na yi nisa kaɗan kuma in tsaya in sake dubawa. Na ƙarshe ita ce 'yar rediyo mai cin katin waƙoƙi, da nake ratayawa a wuya.

Baƙi kuwa iri-iri. Ɗaliban jami'a su zo da tambayoyi a jere, su so ka amsa kafin ka haɗiye yawu. Mutanen Ikko su dai hoto, ko kana bayanin me. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, daga wajen Doso da Gaya, sau da yawa dangi suke nema, sai ka ga yawon kallo ya koma zumunci, an yanka kaza. Turawa su ne masu sa ni fargaba, don rana tana dafa su suna cewa lafiya lau.

Wani Bature ne ya sauya mini sana'a. Ɗan ƙasar Italiya ne, dattijo, ya zo Birnin Kebbi harhaɗa injin casar shinkafa. Ya daɗe yana aiki a arewa, yana jin Hausa gwargwado, ma'aikata suna ce masa Mai Inji. Wani abokina da ke unguwar Nassarawa a can ya kira ni ya ce Baturen yana son ganin Argungu ranar hutunsa, kuma ya ce shi a babur yake so. Na ɗauko shi, na ɗora masa malafa, muka kamo hanya. Muna wuce Ambursa, shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, na kunna rediyona. Waƙar Na-Gulbi ce ta shigo.

Ga wanda bai sani ba, Na-Gulbi makaɗin masunta ne, ya rasu tun ina ƙarami. A ƙasar nan babu mai jefa homar kamun kifi ko tuƙa jirgin ruwa da bai tashi da muryarsa a kunne ba. Ba mu yi nisa ba na ji Mai Inji yana bubbuga kafaɗata.

"Labbo, tsaya, tsaya! Wannan mutum, wane ne?"

Na tsaya a inuwar wani mangwaro na gaya masa.

"Ina gida nasa?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ya cire malafa ya dube ni. "Kana kai baƙi, kana da babban mawaƙi haka, ba ka san gida nasa ba?"

Nan ya zauna a kan saiwa ya fito da wayarsa yana nuna mini hotunan garinsu. Wani ɗan ƙaramin gari ne, ya ce bai kai Argungu ba, a tsakiyar gonaki, kusa da wani babban kogi. Amma a yankin aka haifi wani shahararren mai tsara kiɗa da waƙa, irin wasan kwaikwayon nan nasu da ba a magana a cikinsa sai rerawa tun daga farko har ƙarshe. Mutumin ya daɗe da mutuwa, amma ga gidan da aka haife shi nan tsaye, ɗan ƙaramin gida mai gajeren rufi inda ubansa yake sayar da abinci ga matafiya. Ga majami'ar da ya koyi kiɗa yana yaro, abin kiɗan ma yana nan. Ga gidan attajirin da ya ɗauki nauyin karatunsa. Ga gidan wasan da mutanen gari suka gina da sunansa. Ga gidan gonarsa, da gadonsa da teburinsa. Ya ce mutane suna tasowa daga ƙasashe masu nisa don kawai su tsaya a ƙofar ɗakin nan su yi shiru.

Na ce, "To me suke gani? Ai mutumin ba ya nan."

Ya ce, "Suna gani inda ya zauna. Ba a gyara, ba a fenti sabo. Tsoho, tsoho, shi ne suke so."

Wallahi ranar nan ban san yadda na kai shi Argungu ba. Ina tuƙi kaina yana ta aiki. Ashe ana iya yin jagora a kan sawun mutum ɗaya!

Neman gidan Na-Gulbi shi ne aikin da na fi jin daɗinsa a rayuwata. Na bi masunta mashaya mashaya, goro ya ƙare na sake saye. Wannan ya ce gabas, wancan ya ce yamma, ni kuma ba na karɓar magana sai na ji ta daga baki fiye da ɗaya. A ƙarshe duk maganganu suka taru a Tungar Farin Yashi, wani ɗan gari a bakin gulbi, inda babur yake kaiwa da rani, da damina sai jirgi. Can na iske 'yarsa, Inna Kulu, tsohuwa mai kaifin ido da kaifin harshe, tana zaune da ɗanta Nomau, wanda magini ne.

Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, mutane na neman kihi, kai kana neman zaure? To tashi in gwada maka."

Zauren laka ne, rufin azara, duhu da sanyi a ciki. Da idona ya saba sai na ga bangon gabas yana ƙyalli a wurare, tabo-tabo a jere, wani sama wani ƙasa. Inna Kulu ta ce nan 'yan amshinsa suke jingina in ana haɗa waƙa, shekara da shekaru, har bayansu da ƙeyarsu suka goge lakar ta yi santsi. Ga baƙin hayaƙin fitila a lungu. Ga turken icce a bango inda yake rataye kayan kiɗa. Sai ƙyauren. Ba irin ƙyauren da kuka sani ba ne. Gefen tsohon jirgin ubansa ne aka yanka, baƙi ƙirin, da ɗan lanƙwasa, da facin gwangwani a ƙasa. Ta ce shi ba ya fara haɗa waƙa da ganga. A bakin ƙofa yake zama, ya janyo ƙyauren kusa, yana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsu har kiɗan ya zauna, sannan ya ba 'yan amshi. Na sa hannu daidai inda ta nuna, na ji wurin ya lotsa kamar cikin ludayi. Na ƙwanƙwasa. Sauti ne mai zurfi, kamar ana kiɗa a ƙarƙashin ruwa.

Ta ture hannuna ta ce, "Ba haka ba." Ta ƙwanƙwasa da kanta, sai ga waƙa ta fito daga bakinta, wadda ban taɓa ji ba a rediyo ko a kaset. Ta ce irinsu da yawa ba a ɗauka ba, kuma ba sa zo mata sai ta ji muryar iccen nan.

Daga nan na tsara hanyata. In fara da baƙi daga mashayar da yake zama yana kallon masu su, mu bi ta kasuwar da ya fara kiɗa a bainar jama'a, mu tsaya gidan jikokin mai ɗaure masa fatar ganga, mu ƙare a zaure, Inna Kulu ta ƙwanƙwasa ƙyaure ta rera ɗaya. Masu tambayar kabari nakan kai su bakin makabarta mu yi addu'a daga waje. Ba wanda ya san wanne ne nasa, ni kuma ba na nuna tudun da ban tabbata ba. Aiki ya buɗe! Ɗalibai, 'yan gidan rediyo, dattawan masunta da suke zuwa da kansu su tsaya suna girgiza kai. Na ga wani babban ma'aikaci ya cire takalmi a ƙofar zauren nan ba wanda ya ce ya cire.

Sai mugunyar shekara ta zo. Dama an jera shekaru ba a yi bikin kamun kifi ba, baƙi sun ragu, sannan ga ambaliya. Gulbi ya haura ya cinye shinkafa, ya yanke hanyoyi. Na koma kabu-kabu a Birnin Kebbi, ina jigilar mata daga Badariya zuwa kasuwa, malafar baƙi tana rataye a ɗaki. Da na ji ruwa ya shiga Tungar Farin Yashi na ajiye babur na nemi jirgi. Na iske ruwa yana lasar dokin ƙofar zauren. Ni da Nomau muka yi ta cika buhuna da yashi muna jerawa, muka ciro ƙyauren muka ɗora a kan rufi. Gidaje da yawa sun zube a garin, zauren ya tsaya, sai dai ya tsage ta waje, gindinsa kuma ya zaizaye. Da ruwa ya janye muka mayar da ƙyauren, muka toshe tsagar da laka irin tasa.

Bayan an farfaɗo ne Mai Inji ya kira ni daga ƙasarsu. Yana ta ihu a waya don murna. Ya ce zai dawo duba injinsa, kuma zai taho da mutanen garinsu, har da wata mata mawaƙiya da take rera waƙoƙin mutumin nasu. Ya ba su labarin zauren da na gaya masa na samo, suna son su gani da idonsu.

Ban tsaya ba sai Tungar Farin Yashi. Na zauna gaban Inna Kulu, Nomau yana gefe, na faɗa musu. Sannan na ce, "Inna, don Allah kada ku wahalar da kanku. Kada a taɓa komai. A bar zauren yadda yake, haka suke son shi."

Ta ce, "To, ɗana."

Na juya ga Nomau na maimaita. Ya ce, "Baba Labbo, kak ka damu."

Na hau babur, na yi nisa, na dawo na sake faɗa. Inna Kulu ta yi dariya ta ce, "Wanga yaro akwai kunya. Mun ji, tahi abinka."

A nan ne gizo ya yi saƙa. Ku kun san al'adarmu. In baƙo zai zo ya ce kada a yi girki, me ake yi? A yanka rago. In mutum ya ce kada ku wahala, an san kara ce yake yi, kuma gwargwadon yadda ya nanata, gwargwadon yadda za a ƙara himma. Ni ina faɗin umarni, su suna jin ladabi.

Ana saura kwanaki baƙin su iso, zuciyata ta ƙi kwanciya, na ce bari in leƙa. Tun daga bakin gari na hango buhunan siminti a jingine, na ji ƙarar shebur. Ban san lokacin da na yar da babur ba. Zauren da na sani ja ne, na iske shi toka-toka, an yaɓe waje duka sumul. Na faɗa ciki. An shafe baƙin fitila, an yaɓe bangon yamma, ga Nomau tsaye gaban bangon gabas, kwano cike da kwaɓi a ƙafarsa, ya ɗebo da cokalin gini ya ɗaga hannu.

"Nomau! Tsaya! Don girman Allah tsaya!"

Ya juyo yana murmushi. "A'a, Baba Labbo! Ka ɓata muna shiri, so munka yi sai ka zo da baƙi ka gani. Dubi aiki! Gobe fenti."

Na shige tsakaninsa da bangon na baje hannuwa. "In za ka yaɓa, sai dai ka haɗa da ni."

"Baba, lahiya? Kwaɓin ga bushewa za shi yi."

"Ya bushe! Ba na ce kada a taɓa ba?"

"Ka ce mana. To wa ka cewa a taɓa? Kowa haka shika cewa."

Hayaniya ta jawo Inna Kulu, ta shigo tana dogara sanda. Ta ce, "Mi na na? Wa am mutu?"

Na ce, "Inna, bangon nan shi ne baƙin suke tahowa gani."

Ta riƙe haɓa. "Wanga bango mai dauɗa? Mutane su keto ruwa da sama su iske zauren ubana kamar turken awaki? Su koma garinsu su ce ɗiyar Na-Gulbi na raye, jikanshi magini na, amma sun bar mishi kango? Labbo, kai ba ka da gida a garin ga, mu za a yi ma dariya."

Maganarta gaskiya ce ta wani gefen. Na yi bayanin garin Mai Inji, na ce can ko gadon mutumin ba a sauya ba. Ta ce, "Su ta shafa. Wataƙila ba su da magini." Nomau ya fashe da dariya, ya sake gyara riƙon cokali.

Sai na matsa gefe kaɗan, na nuna tabo ɗaya mai ƙyalli, wanda ya fi sauran ƙasa. Na ce, "Inna, kafin a shafe, baƙi za su tambaye ni kuma ba ni da amsa. Wannan na wane ne?"

Ta matso ta ƙura ido. "Wanga? Na Gajere na. Shi ka zama nan kullum, don kusa da ƙofa, in an kawo hura shi fara sha." Ta ɗaga sanda ta nuna na kusa da shi. "Wanga mai faɗi na Baidu na, ƙaton banza, murya kamar ta yarinya. Wancan na sama kawuna na, ba shi zama sai durƙuso, wai ƙafa na mishi ciwo, ƙarya ta, barci shika gudu." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen bango, kowanne da sunansa da halinsa. A can lungu, ƙasa sosai, akwai wani ɗan tabo kamar tafin hannu. Ta tsaya a kansa ta daɗe.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Nan nika laɓewa in an kore ni."

Ta juya ga ɗanta. "Nomau, aje cokalin ga."

"Inna, kwaɓi..."

"Je ka yaɓe ma kaji akurki da shi su kwana ciki. Na ce aje."

Ya ajiye! Na zauna a ƙasa daɓas. Bangon gabas ya tsira, da turken rataya, da azara. Ina cikin hamdala na ɗaga kai wajen ƙofa, sai na ga hasken da ke shigowa ba irin na da ba ne. Ƙofar ƙarfe ce a wurin, sabuwa, shuɗiya.

"Nomau, ina ƙyauren?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce da ya cire shi ya jingine a waje, da niyyar ya kai cikin gida. Sai wata a-kori-kura mai ɗauke da albasa ta kafe a taɓon bayan gari, direban ya zo neman abin da zai sa ƙarƙashin taya. Mutum yana cikin wahala, ga katako a jingine, sai ya ba shi. Motar ta fita, direban ya ce akwai wani taɓon a gaba, ya jefa ƙyauren a bayan mota ya ce zai dawo da shi. Bai dawo ba. Nomau bai san sunansa ba, baƙo ne, ba a kuma tambayar mai neman taimako sunansa.

Inna Kulu ba ta san an yi haka ba, ta ɗauka yana cikin gida. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai dubi ƙofar ƙarfen ta fita.

Na bi kasuwannin albasa, na bi tashoshi daga Augie har Birnin Kebbi, na tambayi 'yan kamasho da masu faci. Kowa ya ce a-kori-kura mai albasa ai ba ta ƙirguwa.

Baƙin suka zo, kuma ranar ta yi kyau, ba zan rage mata komai ba. Gari ya fito, an yi tuwon shinkafa da miyar kifi, Mai Inji yana gaba yana fassara da Hausarsa mai ɗingishi. Suka tsaya gaban bangon gabas, Inna Kulu da kanta ta gabatar musu da Gajere da Baidu da kawunta, suna dariya suna ɗaukar hoto. Matar nan mawaƙiya ta tsaya tsakiyar zaure ta buɗe murya. Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba! Ƙura ta zubo daga azara, awaki suka watse a waje, yara suka toshe kunne suna tsalle. Inna Kulu ta raɗa mini, "Wagga da a jirgi take, ba ta buƙatar a aika kiran kowa." Da ta gama tsohuwar ta kama hannunta ta daɗe ba ta saki ba.

Sai Mai Inji ya ce, "Inna, yanzu naki. Waƙa na baba."

Ta zauna a bakin ƙofa inda ubanta yake zama. Ta janyo ƙofar ƙarfen, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsu. Ƙarfe ya yi ƙara, ƙwal ƙwal, kamar ana kiran yara a makaranta. Ta sake gwadawa. Ta buɗe baki ta rufe. Aka kawo mata turmi, aka kawo ƙwarya, aka kawo wani katako daga wurin masu gyaran jirgi. Ta ƙwanƙwasa kowanne ta ture.

Ta ce, "Ba su amsawa."

Tun daga ranar ba ta sake rera ko ɗaya ba. Ba ƙi take yi ba, na ga tana ƙoƙari, leɓenta yana motsi. Waɗanda ke kaset kowa yana da su. Waɗanda ba a ɗauka ba suna cikin kanta ita kaɗai, ita kuwa ta tsufa, bana ko bakin gulbi ba ta iya zuwa.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya iso gare shi, musamman direbobi da 'yan kasuwar albasa da masu gyaran mota. Ku duba bayan motocinku, ku duba garejinku, ku duba inda aka shimfiɗa katako a kan kwata ko aka tare awaki da shi. Baƙin icce ne mai nauyi, tsawonsa bai kai mutum ba, yana da ɗan lanƙwasa irin ta gefen jirgi, da facin gwangwani a ƙasa. Wataƙila yanzu akwai sawun taya a jikinsa. A gefe ɗaya, daidai inda hannun mutumin da ke zaune zai kai, akwai wurin da ya lotsa ya yi santsi. In kun ga mai kama da shi, kada ku wanke, kada ku kankare, kada ku shafa masa mai, kuma wannan karon ba kara nake yi ba. Ku ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsu. In kun ji ya amsa daga can ciki, ku aiko a gaya wa Labbo mai kai baƙi a tashar babura ta Argungu, ko da ba ku tabbata ba. Ni zan zo in ɗauka in kai mata, ita za ta sani.